Tayar Baya

Mijina mutum ne mai jiki. Haka na same shi tun ina amarya, dogo, kakkaura, sai ya ɗan karkata kafaɗa kafin ya shige ƙofar ɗaki. Amma ƙibar gaske daga baya ta zo, bayan an ɗauke shi daga gonar gwaji ta jami'a, inda yake yini a tsaye cikin masara da dawa, aka ba shi kujera a ofis. Ni ina koyarwa a wata firamare a nan Samaru. Malam nake ce masa, kamar yadda kowa yake ce masa, shi kuma ya ce mini Malama.

Tare muka je asibiti ranar da likita ya gaya masa yana da suga da hawan jini. Aka ce ya rage tuwo, ya bar lemon kwalba, ya riƙa tafiya a ƙasa. Ya gwada tafiyar, gwiwoyinsa suka kumbura. Da muka koma, likitan ya ce, "To ka nemi keke. Keke ba ya wahalar da gwiwa kamar tafiya."

Muka fito daga asibiti muka kama hanya. Sai da muka kusa gida ya ce, "Yanzu ni da furfurata in hau keke a cikin Samaru? Ai cewa za a yi an kore ni daga aiki, na sayar da mota."

Na ce, "Su faɗa mana. Wanda ya faɗa ɗin shi zai sha maka magani?"

Ya yi dariya. Bayan ɗan lokaci ya shigo gida da keke, wanda ya saya a hannun wani ɗalibi da ya gama karatu zai koma garinsu. Irin keken nan ne na hawan tudu da shiga daji, baƙi mai ratsin kore, mai giya da yawa. Sai dai ɗalibin ya cire tayoyin da keken ya zo da su, ya sa masa sirara masu santsi, don shi a kan kwaltar cikin makaranta kawai yake yawo. Mu a lokacin ba mu san akwai wani bambanci ba. Taya dai taya ce.

Fitarsa ta farko, da ƙafa ya dawo yana tura keken, tayar baya a sace. Mai facin bakin titi ya fito da tiyub ɗin ya tsoma a ruwa, ya nuna masa huji biyu a jere, kamar saran maciji. Ya ce ba ƙusa ba ce, rami ya faɗa, ƙarfen wili ya danne tiyub ɗin ya tsaga shi. Aka liƙe. Ya sake fita, ya sake dawowa a ƙasa. Da abin ya ƙi ƙarewa, sai ya jingine keken a bayan tankin ruwa, bai ƙara kallonsa ba.

Na bari sai da muna cin abinci na tambaye shi. Ya ajiye cokali ya ce, "Ba laifin keken ba ne, Malama. Ba don irina aka yi shi ba."

Duk zamanmu shi yake fara yi wa jikinsa tsiya kafin wani ya yi masa. Idan kujera ta yi ƙara ya ce tana gaishe shi ne. Ranar ce na fara jin ya yi maganar jikinsa babu dariya a ciki, kuma ta tsaya mini a rai.

Ran Asabar na matsa masa muka sa keken a but ɗin mota, tayar gaba tana leƙe, muka nufi Sabon Gari. Muka ajiye mota wajen unguwar PZ, muka shiga layin masu kayan keke muna tura shi. Shagon da muka tsaya na wani dattijo ne Inyamuri, wanda ya ce mana a nan Sabon Gari aka haife shi, a nan ya binne iyayensa. Hausarsa ta Zazzau ce tsantsa. Shi ma yana da nasa tumbin, yana zaune a kan benci, tayoyi na rataye a kansa har rufi. Ya ba ni kujera, ya saurari Malam har ya gama, sannan ya ce, "Oga, hau mu gani."

Malam ya waiga ya ga mutane na wucewa. Dattijon ya tashi ya riƙe masa kan keken, ya ce, "Hau kawai. Ni ma ka gan ni nan, babu wanda zai yi wa wani dariya."

Ya hau. Tayar baya ta baje a ƙasa kamar an taka tumatir. Dattijon ya kira ni da hannu, "Madam, zo ki duba. Kin ga? Taya ɗin nan ƙarami ne, iska ɗin da ke ciki bai isa ya ɗauke shi ba. Kuma nauyin mutum rabin da ya fi yawa a baya yake sauka."

Ya sauko da tayoyi iri-iri ya jera a ƙasa. Ya sa Malam ya murza gefen kowace da yatsunsa. Wasu gefensu laushi kamar ƙyalle, wasu da tauri. Ya ce mai nauyi abu biyu yake nema: taya mai faɗi, don ta ɗauki iska da yawa, da kuma mai kaurin gefe, don kada ta lanƙwashe idan an sha kwana ko an faɗa rami. Muka zaɓi masu faɗin kamar yatsu uku, masu manyan haƙora, da tiyub mai kauri. Ya sa aka ɗaura su a nan take, ya kawo famfo mai ɗan agogo a jikinsa, wanda yake nuna yawan iskar da aka buga.

Malam ya ce, "To ai sai a cika ta tam, tunda nauyi ne matsalar."

Dattijon ya girgiza kai. Ya ce idan ta yi tauri kamar dutse, za ta riƙa tsalle a kan burji, ta zame, kuma duk ramin da ya taka a bayansa zai ji shi. Idan kuma ta yi laushi, a koma gidan jiya. Ta baya ta fi ta gaba iska kaɗan. "Lamba ɗin da zai yi maka daidai, ni ban san shi ba," in ji shi. "Kai za ka nemo. Ka hau, Madam ta duba. Taya ya ɗan yi ciki kaɗan, kada ya kwanta."

Da za mu tafi Malam ya tambaye shi ko shi ma yana hawa. Ya shafa tumbinsa ya ce shekara da shekaru yana sayar da kayan keke, amma matarsa ta ce ranar da ta gan shi a kan keke ranar za ta koma ƙauyensu. Suka yi ta dariya su biyu kamar sun daɗe da sanin juna.

Ba a dace a karon farko ba. Manyan haƙoran nan suna da kyau a jar ƙasa, amma a kan kwalta sai su yi ta gurnani, keken ya yi nauyi, Malam ya dawo yana haki. Muka koma Sabon Gari. Dattijon ya ce, "Laifina ne, na ɗauka daji kawai za ka shiga." Ya canza ta baya da wata mai ƙananan haƙora a tsakiya, manya a gefe, ya bar ta gaba yadda take. Daga nan aka zauna lafiya. Ban ƙara ganin Malam ya dawo yana tura keke ba.

Haka safiyarmu ta koma. Idan ya dawo daga masallaci, gari ya ɗan waye, sai ya fito da keken tsakar gida ya buga iska. Ya hau, ya dafa bango da hannu ɗaya, ni kuma in tsuguna a bayansa da tsintsiya ko ludayi a hannu, duk abin da kiran ya same ni da shi.

"Yaya, Malama?"

"Ta kwanta da yawa. Ƙara."

Ya sauka ya ƙara, ya sake hawa.

"Yanzu fa?"

"Yanzu ta yi."

Da agogon famfon a gabansa, ya riga ya san lambarsa, ba ya bukatar idona. Amma bai taɓa fita ba sai na ce ta yi. Da damina ta shigo ya gano da kansa cewa idan ya ɗan rage iska, taya ta fi kama laka. Ya gano hakan ne bayan ya sha ƙasa a wata gangara, ya dawo da jar laka tun daga kafaɗa har ƙafa, yana ba ni labari yana dariya, ni ina faɗa.

Hanyar gonaki yake bi, ta bayan Samaru, inda gidaje suke ƙarewa a shiga fadama da ƙananan ƙauyuka. Ba ya dawowa hannu rabbana. Yau ɗanyar masara, gobe gwaiba, jibi nono a gora daga wajen Fulani, ya rataya a kan keken. Mutanen da ya ji tsoron bakinsu suka yi surutunsu suka gaji, har wani abokin aikinsa ya zo yana tambayar inda ake samun irin tayar. Jininsa ya sauka. Likita ya rage masa magani. Ya daina minsharin da yake hana ni barci. Ya huda wa bel ɗinsa sabon huji da ƙusa, ya zo kicin yana nuna mini kamar yaron da ya ci jarrabawa.

Wata safiya ya hau, na tsuguna, na ga tayar ko motsi ba ta yi ba.

Na ce, "Malam, yau ba ta yi ciki ba sam. Iskar ta yi yawa."

Ya duba agogon famfo, ya ce lambar kullum ce. Muka kalli juna, sai muka gane: shi ne ya ragu. Ya danna bawul, iska ta fita da ɗan tsaki, yana murmushi har kunne. A duk shekarun aurenmu ban san wata shekara da ta kai wannan daɗi ba.

A shekara ta biyu ne ramar ta fara sauri. Muka yi ta murna. Tela ya rage masa kaftani, ba a daɗe ba aka sake mayar masa ya ƙara ragewa. Duk inda muka shiga sai a ce, "Malam, ka koma saurayi." Abinci ya fara fita masa a rai, ya ce ai cikinsa ne ya saba da kaɗan. Ya fara kukan ciwon baya, can tsakiya, mai ratsowa daga ciki. Ya ce ƙila tayar ce ta yi masa tauri tunda ya rage nauyi, ya ƙara sace iska. Ciwon bai tafi ba. Ya canza sirdin keken. Bai tafi ba.

Babbar 'yarmu ce ta gani. Tana karatu a wani gari, ta daɗe ba ta zo ba. Da ta dawo hutu ta gaishe shi a falo, sai ta biyo ni kicin ta turo ƙofa.

"Mama, Baba ba shi da lafiya."

"Keke ne. Ai na gaya miki a waya."

"Wannan ba ramar keke ba ce. Ki dubi wuyansa. Ki dubi idonsa a cikin haske."

Na fita na ce masa ya zo tsakar gida ya taya ni ɗaga buhu. Da ya ɗago kai rana ta haske fuskarsa, na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Kullum ina tare da shi, kullum ina kallonsa, shi ya sa canjin ya shige ni a hankali ban ankara ba.

Aka tura mu babban asibiti. Aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka sake yin wani. Likitan da ya zaunar da mu mutum ne mai sanyin magana. Ya ce ciwon daji ne, ya fara daga wani wuri a bayan tumbi, ya riga ya kama hanta. Ya ce irin wannan ciwon ɓoyewa yake yi, yawanci ba a ganinsa sai ya yi nisa. Ya ce aiki ba zai yi amfani ba, amma za a ba shi abin da zai rage masa zafi.

Malam ya yi salati a hankali, sannan ya ce, "Likita, zan iya ci gaba da hawan keke?"

Likitan ya dube shi, ya ce, "Idan jikinka ya yarda, ka hau."

Ya ci gaba da fita. Na so in hana shi, na ga a ranakun da ya fita ya fi sakin fuska, sai na ƙyale. Yana fita a lokacin da ya saba, yana dawowa a lokacin da ya saba, wani lokaci da ɗan ganyen zogale ko kuɓewa a leda. Ina tsugunawa in duba taya kamar da. Ya riga ya rage iskar sosai, duk da haka idan ya hau da ƙyar take nuna an hau ta. Sai in ce, "Ta yi," in miƙe da sauri in shige ɗaki kafin ya ga fuskata.

Ranar da ya daina, ina tsaye. Ya ɗaga ƙafa zai haye, ƙafar ta ƙi kaiwa. Ya sake gwadawa, keken ya karkata, na tare Malam da ƙirjina. Na ji ƙasusuwan haƙarƙarinsa a hannuna, mutumin da a da hannuwana biyu ba sa zagaye shi. Ya tsaya yana numfashi, sannan ya ce, "To, shi ke nan. Kai shi inuwa, kada rana ta ɓata tayoyin."

Bai daɗe ba bayan wannan. A gida ya rasu, da hantsi, lokacin kaka, ana ta shanyar masara a bakin titi. Na ba shi kunu ya kurɓa kaɗan, ya ce in gyara masa filo, ya juya fuskarsa gabas. Ƙaninsa yana riƙe da hannunsa yana yi masa kalmar shahada, yana amsawa, har muryar ta ɗauke.

An yi taro wajen gaisuwa. Mutanen ofis, 'yan masallaci, iyayen yaran da nake koyarwa. Ina zaune a ɗaki cikin mata, sai 'yata ta shigo ta ce ga wata tsohuwa tana neman matar mai keke. Aka shigo da ita. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ƙafarta duk ƙurar hanya, ɗauke da ƙwarya cike da gyaɗa. Ban taɓa ganinta ba. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwa, ta ce mijinta yana waje wurin maza. Gidansu yana bakin fadama, a kan hanyar da Malam yake bi. Sun ga ya daina wucewa, suka yi ta tambaya, har wani mai acaba ya gaya musu, ya kuma kwatanta musu gidan.

"Mu ba mu san sunansa ba," in ji ta. "Mai Keke muke ce masa. Da can sai dai ya ɗaga mana hannu ya wuce, wani lokaci ya tsaya ya sayi kuɓewa. Amma a 'yan watannin nan, wurinmu yake tsayawa."

Na ce, "Yana hutawa ke nan kafin ya wuce?"

"Ba ya wucewa, 'yar nan. Nan ne iyakarsa. Ya kwantar da keken, maigidana ya shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, ya kwanta ya riƙe cikinsa. Wani lokaci su yi hira, wani lokaci ba ya iya magana. Idan rana ta ɗaga ya duba agogo, ya tashi, in tsinko masa zogale ya tafi. Na taɓa ce masa, bawan Allah, me ya sa ba za ka kwanta a gidanka ba? Ya ce, Inna, matata tana samun kwanciyar hankali idan ta ga na fita. Idan na kwanta a gida, tun yanzu za ta fara zaman makoki."

Tun da aka fita da shi ban yi kuka mai sauti ba sai a lokacin. Tsohuwar ta matso ta riƙe kaina a kafaɗarta, tana warin hayaƙi da daddawa, tana cewa in yi haƙuri, ita ba ta san ban sani ba. Kafin ta tafi ta ce a gaya mata sunansa, don mijinta ya riƙa ambatonsa a addu'a. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. 'Yata ce ta faɗa mata.

Da aka zo raba kayansa, ƙaninsa ya nemi keken. Malamin makaranta ne a wani ƙauye, hanyarsu babu kwalta, 'ya'yanmu kuma suka yarda. Bayan na fita takaba muka bar gidan, don na jami'a ne, na koma Hanwa kusa da yayana. Har yanzu ina zuwa Samaru koyarwa.

Wata ranar Alhamis da aka tashi makaranta da wuri, na ce bari in je in gaida tsohuwar. Na tambayi hanya, na taka da ƙafa. Na ɗauka tafiya ce mai nisa, sai ga shi ina wuce gidajen ƙarshe na hango mangwaron. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, mijinta ya tafi kasuwa. Ta yi murna, ta jawo mini kujera 'yar tsuguno, ta tura mini faranti. Muka zauna muna ɓara tana ba ni labarin jikokinta da ciwon ƙafarta, da awakin maƙwabta da suka cinye mata rama. Ba mu yi maganar Malam sosai ba. Da la'asar ta yi na yi salla a ɗakinta, hadari ya fara haɗowa daga gabas, ta ce in tashi kada ruwa ya tare ni. Ta raka ni har bakin hanya, ta tsaya tare da ni sai da na sami abin hawa.